SAMANJA A CIKIN MOTA: Yadda Doguwar Hanyar Ikko Zuwa Kwoi Ke Zama Makaranta Ga Yara

KWOI, Jihar Kaduna. Duk wanda ya tsaya a bakin babbar hanyar da ta ratsa garin Kwoi daga wajen 20 ga watan Disamba zuwa jajiberen Kirsimati, zai ga motoci masu lambar Ikko da Badun da Fatakwal suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, sun yi futu-futu da ƙurar hunturu, an ɗaure musu buhunan shinkafa da akwatuna a bisa. 'Yan gari ne suka dawo ganin gida. Haka kuma a kan gani a lokacin bikin Tuk-Ham da a ke yi wajajen Ista, haka a Kafancan idan Salla ta gabato.

Da zarar mota ta tsaya a ƙofar gida, sai mata su ɗauki guɗa, tsohuwa ta fito da sanda tana neman jikokinta. To, a nan ne sau da yawa murna ta kan gamu da cikas. Kaka ta gai da yaro da harshen Hyam, yaro ya yi tsuru-tsuru. Ta juya ta ce masa, "Sannu da zuwa, ina gajiya?" Yaro ya waiwaya ya dubi uwarsa, yana jiran a fassara masa. Daga ƙarshe ya amsa da Turancin Ikko, tsohuwa ta yi murmushin da bai kai zuci ba, ta shafa kansa, zance ya ƙare ke nan. Kwana goma za su yi a gida ɗaya, suna ci a akushi ɗaya, amma sai da tafinta.

Wannan abu ba baƙo ba ne ga masu karanta wannan shafi. Kusan duk magidancin Arewa da ke zaune a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalande, ko barikin Ikeja da na Ojo, ko Sabon Badun, ya san wannan kunya ko kuwa ya gan ta a gidan maƙwabci. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, akwai wani magani mai araha da waɗansu iyaye kan yi amfani da shi, kuma a cikin motar da ta kawo su ya ke. Maganin kuwa shi ne tsoffin wasannin kwaikwayo na Hausa, a sa wa yara su saurara tun daga tashar Ikko har ƙofar gida.

ƘASAR CITTA DA MATAFIYA

Kwoi ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Jaba, kuma nan ne mazaunin Kpop Ham, watau sarkin mutanen Ham waɗanda Hausawa suka saba kira Jaba. A cikin wannan ƙasa ne ƙauyen Nok ya ke, inda masu haƙar kuza suka tono wani sassaƙen yumɓu a 1928, abin da daga baya ya sa sunan Nok ya zaga duniya. Ƙasa ce ta noman citta, wadda a kan yi lodinta a manyan motoci zuwa Ikko, daga can a haye da ita ƙasashen waje.

Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin hanya. 'Yan mishan na Sudan Interior Mission sun kafa tasha a Kwoi tun 1910, ilmin boko ya shigo da wuri, ya fid da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da akawuna. A 1927 Kafancan ta zama mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin Fatakwal da Inugu ya haɗu da na Kaduna da na Jos. Daga nan samari suka yi ta fita, waɗansu aikin reluwe, waɗansu soja da ɗan sanda, waɗansu aikin kamfani a Kudu.

Duk inda suka tafi, da harshe biyu suka tafi. Akwai na gida, watau Hyam, ko Jju na Bajju, ko Tyap na Atyap, da sauransu. Akwai kuma Hausa, wadda ita ce ta kasuwa da tasha da bariki, ita ce kuma ta sujada ga Kirista da yawa tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Da Hausa ne mutumin Kwoi ke ciniki da Bafilatanin ruga, da ita ya ke gaisawa da Bahaushen Jama'a, da ita ya ke gane ɗan'uwansa ɗan Arewa a tsakiyar kasuwar Mil 12. Yaron da aka haifa a Ikko kuwa, Turanci ya ke ji a makaranta, buroka da Yarbanci a layi. In iyaye ba su yi da gaske ba, sai ya tashi ba Hyam ba Hausa.

Daɗin daɗawa, zuwa gida ya yi tsada. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, a wannan shekarar kuma wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ta karya manoma da yawa. Iyalin da a da su kan zo gida sau biyu a shekara, yanzu sai su yi sau ɗaya, wani ma sai bayan shekara biyu. Saboda haka tafiya guda ɗin nan da ta rage ta fi ƙarfin a ɓatar da ita a barci da danne-dannen waya.

HANYA MAI TSAWO

Daga Ikko zuwa Kwoi tafiya ce ta fiye da mil 500. Mai mota ya kan bi ta Badun, Ife, Akure, Owo, Okene, ya faɗa Lakwaja, ya haye kogin Kwara a gadar Jamata, ya wuce Abaji da Gwagwalada ya shiga Abuja. Daga nan ko dai ya bi ta Bwari, Jere, Kagarko da Kubaca, ko kuwa ya zaga ta Keffi. Mai fitowa daga Fatakwal shi kuma ya bi ta Inugu, Makurɗi, Lafiya da Akwanga. Ko ta ina aka bi, yini guda ne cur, in an yi rashin sa'a da cunkoso har a kwana a hanya.

A cikin shekara kaf, da wuya a sami wata rana da uba da uwa da 'ya'ya za su zauna wuri guda na tsawon sa'o'i goma sha biyu ko fiye, ba mai fita aiki, ba mai zuwa makaranta, ba maƙwabcin da zai yi sallama. Zaman Ikko ba ya ba da wannan dama. Uba ya fita tun da asuba saboda gudun cunkoso, ya dawo yara sun yi barci. Tatsuniyar dare da shi ya tashi da ita a ƙauye, babu lokacinta. To, ga shi mota ta tara su tilas.

Tsoffin direbobi sun san daɗin sauraro a hanya. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kafin ƙarshen shekarun 1970 kuwa ya zama ruwan dare a Nijeriya. A wancan zamani mutum ya kan ajiye rikoda kusa da rediyo, in an fara wasa ya danna, ya ɗauke shi a kaset, ya aika wa ɗan'uwansa a Kudu ta hannun direban tirela. Kaset ɗaya sai ya zaga bariki guda har ya tsinke, a liƙe shi da jan farce a ci gaba da ji. Yau kaset ya kau, katin memori da wayar hannu sun gaje shi. Masu tura waƙoƙi a kasuwannin Kafancan da Kaduna da Agege su kan cika wa mutum kati da abin da ya zaɓa, waɗansu tsoffin wasannin kuma masu sha'awa sun ɗora su a YouTube.

SU WANE NE A CIKIN KATIN?

A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda ɓangarensa na rediyo ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978. A da muryar wannan gida ta kan kai har Kudu ta gajeren zango, shi ya sa ya zama abokin hirar 'yan Arewa mazauna can. Daga nan ne aka san wasanni irin su Zaman Duniya Iyawa Ne na Alhaji Yusuf Ladan, wanda aka mayar littafi a 1980, da Duniya Budurwar Wawa.

Amma ga mutanen kudancin Kaduna, babu kamar Samanja Mazan Fama. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a watan Nuwamba na 2023, Banufe ne daga gidan sarautar Pategi, ya yi aikin soja, ya kuma yi aikin gidan rediyon Kaduna. A wasan ya kan fito a matsayin samanja mai tsawa da zare ido, yana cakuɗa Hausa da Turancin fareti, yana tsare doka a kan kurata, sa'an nan rikicin gida da na gari ya zo ya ɗaure shi. Hausarsa ta bariki ce, irin wadda tsoffin sojojin Kwoi da Zonkwa da Kagoro suka dawo da ita gida bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Yaron Ikko da ya ji Samanja ba ya tsorata, domin rabin maganar ya riga ya gane. Daga dariyar Turancin ne ya kan zame ya faɗa cikin Hausar bai sani ba.

Bayan Samanja akwai marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, gwanin Karambana, wanda kuma 'yan Kudu suka sani a wasan Turanci na Cock Crow at Dawn da gidan talabijin na Jos ya shirya. Akwai Karkuzu na Bodara daga Jos, akwai Kuliya Manta Sabo daga Kano, wasan da a ke zaman shari'a gaban alƙali. Ko da ya ke waɗansunsu na talabijin ne, ƙarfinsu a baki ya ke. Mutum ya kan rufe ido ya bi labarin daga farko har ƙarshe ba abin da ya kuɓuce masa.

WAƊANDA KE CIKIN LITTAFI

Akwai kuma rukuni na biyu, watau wasannin da aka buga a Zariya, waɗanda duk wanda ya yi Hausa a sakandare ko kwalejin horon malamai zai tuna da su. Tun a shekarun 1930 Dokta Rupert East ya fito da littafin wasanni shida na Hausa. A 1949 Alhaji Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa, mai jan hankali a kan tsabta da kiwon lafiya. Malam Shu'aibu Maƙarfi ya biyo da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960, waɗanda aka fara jin su a rediyo kafin su shiga littafi. Sai Uwar Gulma na Mohammed Sada a 1968, da Tabarmar Kunya na Adamu Ɗangoggo da Dauda Kano a 1969, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina a 1979.

Kowane ɗayansu yana ɗauke da darasin da bai tsufa ba. Jatau attajiri ne da ya ƙyalla ido a kan mace mai zaman kanta, ya aure ta, ya watsar da iyalinsa, dukiya ta bi ruwa. Uwar Gulma labarin matar aure ce da ta faɗa hannun miji marar kula, har magana ta kai gaban alƙali. Kulɓa Na Ɓarna kuwa yana nuna yadda mai kuɗi ke ruɗin 'yar makaranta har ya ɓata mata rayuwa. Duk uban da ke da budurwa a gida a Ikko ya san wannan labari bai zama tarihi ba tukuna.

Waɗannan sun fi samuwa a takarda bisa ga faifai. Amma hakan ba ya hana a ji su. Gidan rediyon Kaduna ya daɗe da nuna cewa littafi ma a kan saurare shi, ta shirinsa na Shafa Labari Shuni inda a ke karanta littattafan Hausa. Iyalin da suka sami kofe ɗaya na Wasan Marafa suna iya raba matsayi a cikin mota, uwa ta karanta wannan, babban ɗa ya karanta wancan, direba ya tsaya ga tuƙinsa yana gyara musu lafazi.

ME KUNNE KE KOYA WA YARO?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A wajen koyon harshe kam, ji ne gaba. Yaron da ke kallon fim idonsa ne ke aiki, ya kan gane labari daga fuska da motsi ko da bai ji kalma ɗaya ba. Wanda ke saurare kuwa ba shi da madogara sai maganar. Tilas ya kasa kunne, tilas ya tambaya, tilas ya zana kasuwar da zauren da kotun a cikin kansa.

Abu na biyu, wasan kwaikwayo ya bambanta da waƙa ko labarun duniya, domin mutane ne ke magana da juna kamar yadda a ke yi a tsakar gida. A ciki ne yaro zai ji yadda a ke sallama, da yadda a ke jera gaisuwa daga kwana zuwa gajiya zuwa iyali zuwa aiki ba a gaggauta ba. Zai ji ƙarami na ce wa babba Baba ko Kawu ko Yaya, zai ji talaka na cewa ranka ya daɗe gaban hakimi, zai ji mace ta ƙi kiran sunan mijinta ta ce maigida ko Malam. Zai ji yadda a ke taya kaya a yi ragi, da yadda a ke ba da haƙuri, da yadda a ke yi wa mutum habaici ba a zage shi ba. Waɗannan abubuwa ba a koyar da su a allo. Su ne kuwa tsohuwa ke nema a bakin jikanta.

Abu na uku, wasa ya kan buɗe bakin iyaye. Uban da bai saba hira da 'ya'yansa ba, da ya ji Samanja ya daka tsawa, sai ya tuna da mahaifinsa da ya yi soja, ya shiga ba da labarin barikin da aka haife shi. Uwa ta ji an ambaci kuɗin toshi ko gara, ta shiga bayyana yadda aka yi nata auren, da inda al'adar Ham ta saɓa da ta Hausawa. Kafin a kai Lakwaja yara sun ji tarihin gidansu wanda shekara goma a Ikko ba ta ba su ba.

YADDA ZA A ƁULLO WA ABIN

Ba a cusa wa yaro tuwo da ƙarfi. Uban da ya kunna wasa tun daga Ojota ya ƙi kashewa har Abuja, ƙiyayyar Hausa zai koya wa 'ya'yansa. Ga waɗansu shawarwari da hankali zai ɗauka.

Da fari, a shirya kati tun ana sauran kwanaki, domin akwai wurare da yawa a hanya inda intanet ba ta kamawa. Iyaye su fara saurara su kaɗai, su ware abin da ya dace. Ba kowane wasa ne na ƙananan yara ba. Maganar karuwai da kishiya da sakin aure da ke cikin Jatau Na Kyallu ta fi dacewa da 'yan sakandare. 'Yan firamare a ba su Samanja da wasannin ban dariya.

Na biyu, kafin a kunna, a ba da labarin a gajarce da harshen da yaro ke ji. A gaya masa su wane ne a ciki, da abin da ya haɗa su. Wanda ya san inda labari ya dosa ba ya ɓata ko da kalmomi goma sun wuce shi.

Na uku, a yi shi kashi-kashi. Rabin sa'a ya isa, sa'an nan a kashe a yi hira. A tambayi yara wa ke da gaskiya, wa ya yi wauta, da me za su yi in su ne. A bar su su amsa da kowane harshe, amma a riƙa mayar musu da amsar da Hausa ko Hyam. Ana iya sa ɗaya tsakanin Badun da Akure, ɗaya bayan an ci abinci a Lakwaja, na ƙarshe bayan an bar Abuja, lokacin da gajiya ta sa yara sun fara faɗa da juna.

Na huɗu, kowane yaro ya riƙe karin magana ɗaya ko gaisuwa ɗaya da ya tsinta, wadda zai kai wa Kaka tsaraba. In an dawo a sake sa waɗanda aka ji da zuwa. Yara ba su ƙin maimaici, a ji na biyu ne ma su kan fara kwaikwayon muryoyin.

Na biyar, direba ba shi ne mai neman wasa a waya ba. Wannan aikin na wanda ke gefensa ne. Hanyar Okene zuwa Lakwaja zuwa Abuja ta ci rayuka da yawa, ba ta son raba hankali, kuma tafiyar dare a wannan zamani abin gudu ce. Waɗanda ke bin motar haya su ma ba a bar su a baya ba, domin uwa da ɗa suna iya raba abin sawa a kunne, kowa ya ɗauki ɗaya.

TO, INA HYAM?

Akwai ƙorafin da ya wajaba a saurara. Dattawan Ham da na sauran ƙabilun kudancin Kaduna da yawa suna ganin Hausa ita ce ma ta fi Turanci cinye harsunansu. A cikin Kwoi da Kafancan akwai yaran da ba su taɓa zuwa Ikko ba, amma Hausa ce a bakinsu, Hyam sai tsinta-tsinta. Mai wannan ra'ayi zai ce, wanda ya cika wa ɗansa kunne da Samanja ya fid da shi daga bakin kura ne ya miƙa wa zaki.

Maganar tana da ƙamshin gaskiya, ba kuwa za a share ta ba. Sai dai yaron da ya sauka a Kwoi da 'yar Hausarsa ya fi wanda ya sauka da Turanci kaɗai kusa da kakarsa. Yana iya zama kusa da ita a murhu, ya tambaye ta sunan abu da Hyam, ta gaya masa. Yana iya bin 'yan'uwansa gonar citta ya ji ana ba'a ya rama. Ƙofa ce ta buɗe, saura shiga.

Sa'an nan ba wanda ya ce kati na Hausa ne kaɗai. Kowace Kirsimati matasa da zumuntar mata su kan shirya wasanni a majami'u, makarantu su kan yi nasu, a bikin Tuk-Ham a kan yi waƙoƙi da raye-rayen gargajiya. Wayar da ke aljihun kowa rikoda ce. Wanda ya zo hutu ya ɗauki wasan da aka yi da Hyam, ya zauna da tsohuwa ya roƙe ta tatsuniya biyu ko uku ya ɗauka, to, ya sami guzurin komawa. Muryar Kaka da jikoki za su ji a hanyar Okene, wata rana ita ce za ta zama gadon da ya fi gona daraja, domin tsofaffin nan ba dawwama za su yi ba.

HAKA A KE YI A WAJE

Kada wani ya ɗauka wannan dabara ta marasa galihu ce. Turawan Ingila sun daɗe da gane cewa yaro ya fi fahimtar William Shakespeare in ya ji shi a bakin gwanaye bisa ga ya yi ta fama da shi a takarda. Kamfanin faifai na Argo, tare da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Marlowe da ke Jami'ar Kambirij, ya ɗauki wasanninsa kaf a faifai, aka kammala a 1964, shekarar da mawallafin ya cika shekara 400 da haihuwa. An yi ta sa waɗannan faya-fayai a makarantu a ƙasashe da dama.

Wannan ma ya shafi 'ya'yanmu kai tsaye, domin hukumar jarrabawa ta WAEC ta saba sa wasan Shakespeare guda a cikin littattafan adabin Turanci, tare da na marubutan Afirka irin su Wole Soyinka. Ɗalibin da ya saba bin wasa da kunne tun yana ƙarami, ya san yadda a ke gane hali daga magana, ba zai sha wuya ba in ya gamu da su a aji. Abin sha'awa kuma, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wasan Twelfth Night zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu tun 1971. Iyalin da ke da ɗan sakandare suna iya jin na Turancin a hanya, su karanta na Hausar a gida, su gwada su gani.

KIRA GA MASU ABIN

Saura magana ɗaya, ita ce ta adana. Manyan 'yan wasan nan suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Tef kuwa ba ya jure zafi da laima, in ya daɗe a ajiye sai ya manne ko ya ruɓe. Abin da ke yawo a kasuwa da intanet guntaye ne, waɗansu sautinsu ya dushe saboda kwafa a kan kwafa. Ya kamata gidajen rediyo da talabijin na Kaduna da Kano da Jos su tashi tsaye su juye abin da ya rage a ma'ajiyarsu zuwa na'urorin zamani, su fito da shi kasuwa ta hanyar da iyalan 'yan wasan za su sami haƙƙinsu. Masu saye suna nan jibge a Kudu.

Haka kuma ƙungiyoyin ci gaban gari da ke taro wata-wata a Ikko da Fatakwal suna da rawar takawa. Kuɗin da a ke kashewa a kan lemo da kujeru a taro ɗaya ya isa a tara malaman Hausa da ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, a nemi izinin masu littafi, a karanta wasa guda a ɗauka da kyau, a kuma rubuta sababbi da Hyam da Jju da Tyap. Duk wanda ke da tsohon kaset a ƙarƙashin gado kuma, kada ya zubar. Ya kai a juye masa tun bai lalace ba.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Disamba na tafe, za a sake ɗaure kaya a bisa mota, za a sake cika tanki da kuɗi masu ciwo. Mai gida ya duba taya, ya duba birki, ya kuma duba abin da yaransa za su ji a hanya. In Allah Ya kai su lafiya, tsohuwa ta fito da sandarta ta ce, "Sannu da zuwa, ina gajiya?" wataƙila a bana ƙaramin cikinsu ya durƙusa ya ce, "Ba gajiya, Kaka. Mun same ku lafiya?"